Abin da Kuku Ya Ga Dama

Jama'a ku matso kusa, yau ba doguwar gaisuwa don har yanzu raina a ɓace yake. Wata 'yar'uwa ta rubuto min wai in ji tsoron Allah in daina kushe bawan Allahn nan da ke neman aurena, tunda ko laifinsa ɗaya na kasa kawowa. To 'yar'uwa gyara zama, yau na samo miki.

Ga waɗanda yau suka fara bina, shekarata ashirin da tara, a shagon sayar da magani nake aiki. Ni da Ummata kaɗai muka rage a gida tun da Abba ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Sai Gwaggo, yayar Abba, wadda ba a gidanmu take kwana ba amma a nan take yini, a nan take cin na rana, a nan kuma take yanke hukunci. Ita ta samo min wanda suke kira Injiniya. Wata biyar ke nan yana zuwa, ban taɓa ganin ko katangar da ya ɗora ba. Abin da na sani nasa shi ne agogo, turare, da mukullin mota da yake fara ajiyewa a kan tebur kafin ya gaida mutane.

Ranar Alhamis ina tsaka da jera kwalayen maganin tari saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, ranar Asabar ƙarfe ɗaya zan kai ki wani wuri. Kar ki ci komai da safe."

Na rubuta masa, "Gwajin jini za a yi min?"

Ya turo fuskar dariya har guda shida. Haka yake, duk abin da bai gane ba dariya yake turo masa.

Da na koma gida na tarar labarin ya riga ni. Gwaggo na zaune a kujerar Abba, ta tuɓe takalmi ta miƙe ƙafa, Umma kuma na gefe tana tsintar shinkafa, ta ƙi yarda mu haɗa ido.

"Likita an dawo?" in ji Gwaggo. Haka take kirana in za ta yi min baƙar magana. "To saurara. Wata biyar yaron nan yana sintiri, takalminsa ya kusa cinyewa. Ranar Asabar in kun dawo, amsa nake so. Eh ko a'a. In a'a ce, wallahi na cire hannuna, ki je ki auri kwalbar magani."

"Gwaggo ai ban ce ba na so ba, na ce ban san shi ba."

"Shi ya san ki ai. Ya isa."

Na kalli Umma ko za ta sa baki. Shinkafarta kawai take tsinta, tsakuwar da babu ita ma sai da ta nemo. Daga baya da Gwaggo ta tafi, ta biyo ni ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ba zan matsa miki ba. Amma ki je da zuciya ɗaya." Na ce to. Na yi mata alkawarin ranar Asabar za ta ji amsata, kuma duk wadda na bayar ba zan janye ba.

Ranar Asabar na ɗauko doguwar rigata ruwan toka, wadda nake zuwa gaisuwar rasuwa da ita. Umma ta karɓe, ta miƙo min koriyar nan mai ɗinkin zare a wuya, ta riga ta goge ta har da mayafinta. Ta fesa min turarenta na cikin akwati wanda shekara guda ba ta buɗe shi sau uku. Takalmin da ta zaɓo min mai tsini ne, tun daga falo ya fara cizona.

Muka yi tafiya mai nisa, sai ya tsaya a gaban wata baƙar ƙofa. Ba allo, ba suna, ko hoton cokali babu. Na ce masa ko ɓata muka yi, ya gyara wuyan riga ya ce, "Wurin manya ba ya buƙatar allo." Ya danna ƙararrawa muka tsaya a rana kamar masu neman bashi.

Ciki kuwa, rana tsaka amma sun rufe tagogi sun kunna ƙananan fitilu, sai ka lalubi kujera. Tebur takwas ne kacal. Kowa magana yake ƙasa-ƙasa, in ka ajiye cokali da ƙarfi sai an waiwayo an kalle ka. Wata doguwar mata cikin baƙaƙen kaya ta zaunar da mu, ta zuba mana ruwa a kofin da bai fi a sha magani da shi ba.

Na ce, "Baiwar Allah, kawo min takardar abinci in duba."

Ta yi murmushin tausayi. "Ranki ya daɗe, ba mu da ita. A nan abin da kuku ya ga dama shi ake ci."

"In kuma ban ga damar abin da ya ga dama ba fa?"

"Ba a taɓa yi ba."

"To nawa ne?"

Jama'a, sai da mutumin teburin kusa da mu ya ajiye cokalinsa. Injiniya ya taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur, daidai inda takalmin ke cizo. Matar ta sunkuyo ta yi min raɗa kamar mai faɗa min rigata ta yage.

"Ba ma maganar kuɗi a tebur, yana ɓata ɗanɗano. Wanda ya kama tebur yana cike mana takarda a waya, tambaya arba'in a kan baƙon da zai kawo. Da ita kuku yake aiki. In kun tafi, lissafi zai bi wanda ya cike ta."

Ni fa a shagonmu ko ƙwayar ciwon kai ɗaya sai da farashi a jikinta, da ranar da za ta lalace, da sunan wanda ya yi ta. In na ba mutum abin da na ga dama na ce ya je zai ji kuɗin daga baya, kafin la'asar an rufe mana shago. Amma a nan an mai da rainin hankali sana'a, kuma wai sai ka yi sati uku kana jiran layi kafin a raina maka.

Na ce, "Kai ka san kuɗin?"

"Gimbiya, in kina tare da ni ki daina tambayar nawa."

Na ce a raina za ka yi bayani.

Teburin hagu wasu mata biyu ne, an kawo musu wani abu kamar kumfar sabulu a kan dutse. Sun fi minti biyar suna ɗaukarsa hoto, ta sama, ta gefe, ɗaya har da hawa kan gwiwa a kujera. Kafin su gama kumfar ta narke, suka lashi dutsen da cokali suka lumshe ido suna gyaɗa kai. Can ta wata taga kuma ana hango kukun da doguwar farar hula, ya duƙa yana ɗora ganye ɗaya a faranti da hantsaki, fuska a murtuke kamar mai cire harsashi.

Aka kawo namu na farko. Faranti ya kai faɗin tire, a tsakiyarsa wani ɗan abu kore da bai kai yatsana ba. Na riga na shirya baƙar maganar da zan yi, har na ɗan yi gyaran murya. Na sa a baki.

Ɗanyen mangwaro ne. Mai tsamin nan da ke sa haƙori ya mutu, an barbaɗa masa gishiri da barkono.

Na haɗiye baƙar maganar tawa. Tun ina firamare nake ɓoye gishiri a aljihun jaka saboda shi. Na ce a raina dace ne, mace nawa ce ba ta son tsami.

Na biyu, ƙwai ne guda ɗaya. An soya shi har gefensa ya yi ƙayau-ƙayau ya ɗan ƙone, gwaiduwar ta dahu tauri, kuma ba ko silin albasa. Ni duk duniya ba abin da na tsana kamar gwaiduwa mai ruwa da albasa a cikin ƙwai. Na leƙa farantin Injiniya, nasa gwaiduwar na rawa, ga albasa nan zube. Wato nawa daban aka yi.

Na ɗago na dube shi. Ya jingina da kujera yana juya agogo a hannu.

"Ya dai, Gimbiya? Bakin ya mutu?"

"Wa ya faɗa maka?"

"Ke mana."

"Ni? Yaushe?"

"Kin ɗauka in kina surutu a waya ba na ji? Duk abin da kika faɗa ina riƙewa. Kwana uku na yi a kan takardar nan tasu, tambaya arba'in, ba wadda na tsallake."

Gaskiya ni mai surutu ce in na gaji. In na taso daga aiki ya kira, nakan sa wayar a kan katifa in yi ta zuba ina cire ɗankunne, shi kuma yana "uhm, uhm". Na ɗauka wasa yake bugawa a ɗaya wayar. Sai na ji wata 'yar kunya ta kama ni.

Na uku ya zo a rufe. Matar ta ɗaga murfin a hankali kamar za ta saki tsuntsu. Ƙanzon shinkafa ne, wallahi, ƙanzon gindin tukunya, an yanka shi da kyau an jingina masa jelar kifi. Abin da nake shiga kicin in kankare da cokali ina tsaye, Gwaggo na cewa halin 'yan aiki gare ni. Jelar kifi kuwa, ko a gidan biki aka ba ni tsakiya sai na nemi mai musanya.

Matar ta ce, "Kuku ya ce a gaya miki tukunya uku ya ƙona kafin ya samu yadda aka rubuta."

Na so in yi dariya, wai yau ƙanzo ne a farantin da ya fi madubin ɗakina sheƙi. Amma dariyar ta ƙi fita. Na cinye tas, har da dangwale ɓurɓushin da yatsa, na manta da cewa wurin manya ne.

Ku da kuke karantawa, na san me kuke cewa. Wai wannan mai bakin ce ƙwai da ƙanzo suka kayar. Ku bari ku ji na ƙarshen tukuna.

Ƙaramin kofin shayi aka kawo, madara ta yi masa yawa har ya yi fari, da yankan burodi ɗaya da aka gasa da man shanu aka barbaɗa sukari, an yanka shi tsaye gida huɗu don a riƙa tsomawa. Haka Abba yake yi min duk ranar da zazzaɓi ya hana ni cin abinci. Shi da kansa yake shiga kicin, ya hana kowa taɓawa, ya zo ya zauna a bakin gado yana ƙirga min, saura uku, saura biyu. Tun da ya rasu ban sake ci ba, ban kuma bari an yi a gabana ba.

Na tsoma na farko, hawaye ya riga burodin sauka.

Injiniya ya miƙo min hankicinsa mai ƙamshi, ya rage murya. "Na san kina kewarsa. Shi ya sa na ce su ajiye shi a ƙarshe."

Ban tuna na taɓa ba shi wannan labarin ba. Amma na ce wataƙila wata rana cikin gajiya ya suɓuce min, shi kuma ya tsince ya adana. Na dube shi da kyau karon farko cikin wata biyar. Na ga ashe idonsa ba laifi, ashe agogon ma bai cika girma ba. Na ce a raina ke dai kin cika wulaƙanci, ga mutum yana sauraronki kina masa kallon mukullin mota.

Na ce zan gyara fuska. Na shiga banɗakinsu mai kyandir da tawul a naɗe, na tsaya gaban madubi kwalli ya zubo min har kumatu, na ciro waya na rubuta wa Umma, "Umma na amince. Ki faɗa wa Gwaggo." Na tura kafin in sake tunani. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta amsa da saƙon murya, "Alhamdulillahi. Allah ya yi miki albarka."

Da za mu fita na ga ko aljihu bai taɓa ba. Matar ta raka mu ƙofa tana cewa sai mun sake zuwa, shi kuma ya ɗaga mata yatsu biyu kamar mai gidan. A mota na yi masa hira, har da dariya. Da ya sauke ni ya ce ba zai shigo ba, akwai wurin aikin da zai leƙa.

Na tarar da Umma a falo ta idar da la'asar, tana kan sallaya fuskarta kamar an wanke ta da madara. Ta ce Gwaggo ta tafi gida sanya kaya, wai yanzu za ta zaga dangi da ƙafarta, wannan ba labarin waya ba ne. Ta riƙo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, tana tambaya me muka ci, ya wurin yake, na ƙoshi kuwa. Ina cikin ba ta labarin kumfar kan dutse wayarta ta yi ƙara sau biyu a jere.

"Duba min, tabarauna na ɗaki. Ƙila Gwaggonki ce."

Na ɗauka. Na farko daga banki ne, an cire kuɗi daga asusun da fanshon Abba ke shiga. Na karanta lambar, na sake karantawa, na sa yatsa ina bin sifilin ɗaya bayan ɗaya. Ya haura albashina na wata biyu. Na biyu daga gidan baƙar ƙofa ne, suna godiya da zaɓarsu da aka yi, suna fatan baƙuwa ta ji daɗi. A ƙasa sun liƙa takardar da aka cike.

"Umma, me ya haɗa wayarki da wurin nan?"

Ta ɗan kawar da kai. "Au. Ai shi ya turo min ranar nan, ya ce aiki ya yi masa yawa, in taimaka in cike masa tunda ni na fi saninki."

"Katin banki fa?"

"Abin ya ƙi wucewa sai an sa. Na kira shi, ya ce in sa nawa kawai, ƙa'ida ce, ba abin da za su taɓa." Ta dube ni. "Sun taɓa ne?"

Na buɗe takardar. Tambaya arba'in, ba wadda aka tsallake, wannan kam bai yi ƙarya ba. Sai dai rubutun Umma ne, ita da ke rubuta saƙo da yatsa ɗaya, ba aya ba waƙafi. Ga mangwaron, ga ƙwan, ga ƙanzon, har ta ƙara da cewa kar ya yi baƙi sosai. Ga shayin Abba, ta bayyana yadda ake yanka burodin. A tambaya ta ƙarshe, inda suka ce ko akwai abin da ya kamata su sani game da baƙuwar, ta rubuta musu: "in ta yi tsiwa ku yi haƙuri ba halinta ba ne kunya ce kuma kar a ce mata ci in an matsa mata ƙi take yi a bar ta za ta ci da kanta".

Na ce, "Kwana nawa kika yi kina wannan?"

"Uku. Idon ne ba ya bari in daɗe." Ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuska tana ƙoƙarin karanta saƙon bankin, na ga lokacin da ta gane. Can ta ajiye ta a kan sallaya a hankali. "Zai mayar. Ƙila bai sani ba ne. Don Allah kar ki ɓata abin alheri saboda kuɗi."

"A gabansa matar ta ce lissafi na bin wanda ya cike, Umma. Ko gezau bai yi ba. Kuma ba kuɗin ne ya fi ci min rai ba. Ce min ya yi shi ya rubuta. Ce min ya yi yana saurarona. Har hankici ya ba ni a kan shayin Abba."

"To ai ko ni na rubuta, shi ya yi tunanin kai ki."

"Ke kika san ni, ke kika biya. Shi me ya kawo, mota?"

"Kin riga kin ba da amsa," ta ce a hankali. "Kin ce ba za ki janye ba. Gwaggonki ta riga ta fita."

Wayata ta fara ƙara a jaka, 'ya'yan Gwaggo ne suka fara turo barka da fuskokin zuciya. Na danne su. Na ce bari in yi masa adalci ɗaya, kar gobe 'yar'uwar nan mai ce min in ji tsoron Allah ta ce na yanke hukunci ba shari'a. Wata biyar mutum yana kirana, ai dole wani abu ya maƙale masa. Akwai abin da na faɗa masa da bakina ya fi sau uku, don ranar da ya fara zuwa ma da shi ya zo min tsaraba na mayar masa: in na ci gyaɗa jikina kumbura yake, numfashina ya sarƙe, sai an kai ni asibiti.

Na rubuta masa, "Na gode da yau. Ɗan gwaji zan yi maka tunda kana riƙe maganata. Mene ne abu ɗaya da in na ci sai an kwantar da ni?"

Ya buɗe nan take. Na ga alamar yana rubutu. Ta tsaya. Ta dawo. Ta sake tsayawa.

Umma na kallona, ni ina kallon waya.

Sai wayar Umma ta yi haske a kan sallaya, a tsakaninmu. Ta kai hannu, na riga ta.

"Mama don Allah da sauri, mene ne ba ta ci? Kar ki ce mata na tambaya."

Na karanta mata shi da ƙarfi, kalma bayan kalma, tunda tabaraunta na ɗaki. Sannan na ɗora mata wayar a tafin hannu na ce, "Ga surukinki yana jira, Umma. Ki ba shi amsa."